Ranar da na zama injiniyan ɗumama gida

Tun da muka tare a gidan nan ban taɓa damuwa da yadda ɗumi yake zuwa ba, ni dai na san akwai boila mai aiki da gas maƙale a lungu, tana dafa ruwa, ruwan ya bi fayif zuwa lagireton da ke jikin bangon kowane ɗaki, shike nan. Sai da sanyin bana ya kankama na ɗakinmu ya fara wani kuka cikin dare, ƙululu ƙululu kamar cikin mai gudawa, ka taɓa ƙasansa zafi rau, ka taɓa sama sanyi ƙalau kamar hancin kare.

Uwargida ta ce a kira mai gyara. Na ce haba, a kan iska? Don na riga na kalli wani bidiyo, na gane iska ce ta taru a sama ta hana ruwan zafi hawa, maganinta kuma ɗan sukurun da ke gefe ne za a sassauta. Abin da ban tsaya na ji ba, don ban kai ƙarshen bidiyon ba, shi ne sai an kashe boilar ta huce tukuna, kuma rabin juyi kawai ake yi, da iskar ta gama fita ruwa ya ɗigo sai a rufe. Ni kuwa na kafa sukundireba na murɗa, na ji fiiii, daɗi ya kama ni, na ƙara, na ƙara, sai ji na yi ɗan ƙarfen ya faɗo ya gangara ƙarƙashin gado.

Jama'a ruwan nan baƙi ne ƙirin, tsatsar shekara da shekaru, ga zafi, kuma bai ga wurin sauka ba sai farin labulen uwargida. Na toshe da babban yatsa ina rawa ina ihun a kawo bokiti, ita kuma ta tsaya bakin ƙofa ta harɗe hannu ta ce sannu injiniya.

Kafin in lalubo sukurun in mayar, allurar agogon boila mai nuna ƙarfin ruwan ciki, da ya kamata ta zauna tsakanin 1 da 1.5 ta kwanta kusa da sifiri, boila ta ce ita kam ta tashi daga aiki. Na ce ba komai, na jawo hita biyu na lantarki, kowacce wat 2000, na cusa su a wayar ƙari guda ɗaya. Ko minti goma ba a yi ba muka fara jin warin roba, ɗif wuta ta ɗauke. Da rigunan sanyi muka kwana, ba mai yi wa wani magana.

Da safe mai gyara ya zo, ya buɗe wani ɗan famfo a ƙarƙashin boila, allura ta tashi, minti biyu ya gama. Ya ce maigida yaushe rabon da a duba ta? Na yi shiru. Ya ce duk shekara ake yi, don in gas bai ƙone da kyau ba yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, a barci take ɗauke mutum. Nan fa dariya ta ƙare mini.

Na ce to wanne ne ba ya son wahala, in canza. Ya ce babu. Murhun itace sai an share bututun hayaƙinsa duk shekara ko kunkunniya ta kama wuta. Mai kama da esi ɗin nan da ke janyo ɗumi daga iskar waje yana da sauƙin cin wuta, ya ci ɗaya ya ba ka wajen uku, amma kai da sharar ganye da ƙanƙara a jikinsa. Wanda ke huro iska mai zafi kuma, matatarsa mai tace iska ce ke toshewa da ƙura, a canza ta duk wata ɗaya zuwa uku.

Wannan ya kwanta mini. Na leƙa ɗaki da murnata na ce na samo mana mafita, daga yanzu aikina kawai canza matata duk bayan wata uku.

Ta ajiye labulen da take dirza, ta ɗago a hankali ta ce maimaita in ji.