Wai zumunci ya ishe mu? Ku je ku tambayi uwar mai taɓin hankali

Ranar 10 ga Oktoba da ta wuce, ranar da duniya ta ware ma lafiyar ƙwaƙwalwa, ina zaune a fada nan Tawa muna jiran shayi na biyu, rediyo na ta yi, sai ga muhawara. Wata ma'aikaciyar lafiya ta kawo shawara, ta ce gomnati ta ɗauki mutane ta horar da su ta riƙa biyansu, su riƙa shiga gida-gida suna taimaka ma masu taɓin hankali da wanka da abinci da shan magani kan lokaci. Ba ta gama rufe baki ba wani babban mutum, irin masu Faransanci ta hanci, ya tare ta. Wai wannan tsarin Turawa ne, wai mu nan Nijar zumunci gare mu, ba mu yada namu, wai in aka fara biyan kuɗi don a kula da ɗan uwa to an kashe tausayi ke nan. Mai gabatarwa ya ce madalla, aka saka talla. Tun ranar maganar ke cina.

Don ni na san inda wannan zumuncin yake kwana. Gida uku tsakaninmu.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, Inna muke ce mata. Ɗanta ya tafi bida Libiya lafiya lau, ya dawo ba shi ba, wasu su ce tramol ne, wasu su ce abin da ya gani can ne, wasu su ce jifa aka yi mishi. Ko ma mi ne ne, yau shekaru ke nan ba ya barci sai an yi da gaske, ba ya yarda kowa ya ba shi abinci sai ita, in ya ɓata kayanshi ita ke wankewa, ita ke lallashinshi ya shiga makewayi ya yi wanka, ƙato mai gemu, ita kuwa ko bokiti cike ba ta iya ɗagawa. Da tana tuyar ƙosai da safe bakin hanya, ta bari. Yayyenshi biyu suna Abijan, kamar rabin mazan Adar, sukan aiko da wani abu in kasuwa ta yi kyau, su kira a waya su ce Inna a yi haƙuri. Ƙanwarshi tana gidan miji, mijin ya ce kada a kawo mishi mahaukaci gida. Na taɓa ce mata, Inna ba ki zuwa ko biki ne yanzu? Sai ta ce, "Ɗana, in na tahi wa za ya zamna da shi? Ranar da na tahi gaisuwa ko awa ban yi ba, na iske yara na jifatai bakin masallaci."

To wannan shi ne zumuncin da ake yabo a rediyo. Kakanni sun ce zumunci a ƙafa yake, yau ya koma a waya, kuma ƙafar da ta rage ta tsohuwa ɗaya ce mai ciwon gwiwa. Duk gidan da ka shiga mai irin wannan lalura haka za ka tarar, uwa ce ko mata ko wata ɗiya da aka fiddo daga lakwal don ta yi tsaro. Masu cewa ba mu yada namu ba su taɓa wanke ma babban mutum kashi ba, ina da tabbacin wannan, da sun taɓa da muryarsu ba ta fita sumul haka ba.

Kuma in tsohuwar ta gaji fa, ko ta kwanta ciwo? Kowa ya san amsa, kunya ce ke hana mu faɗi. Sarƙa. Turu. Ɗaki a bayan gida da kwaɗo, a miƙa tuwo ta ƙarƙashin ƙofa. Mutanen da ke ɗaure nasu ba mugaye ba ne akasari, mutane ne da ke son zuwa gona su dawo ba a kira su an ce ɗanku ya faɗa rijiya ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fidda rahoto a 2020 kan ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60, amma mu ba mu buƙatar rahoto, mun ji ƙarar mari da kunnenmu.

Ban ce ba a yi komi ba. Rage rabin kuɗin ganin likita a asibitocin gomnati da aka fara a Satumban 2024 abu ne mai kyau, talaka ya gani a aljihunshi. Sai dai wannan rangwamen a bakin ƙofar asibiti yake tsayawa. Mai taɓin hankali yana ganin likita sau ɗaya a wata in an yi sa'a, a rubuta ordinas, a yi allura, a ce sai wata mai zuwa. Sauran kwana ashirin da tara fa? A cikinsu ne ciwon yake. Magunguna irin su Haldol da Largactil suna aiki, amma sai an sha kullum, kuma suna sa jiki ya sandare, miyau ya riƙa zuba, mutum ya yi nauyi, sai maras lafiya ya fara ɓoye ƙwaya ƙarƙashin harshe ya tofar, ko dangi su ga ya samu sauƙi su ce ai ya warke a huta da sayen magani. Sati kaɗan ciwo ya dawo ya fi na da. Sai a sake neman kuɗin mota, in abin ya gagara nan a nufi Yamai, kilomita wajen 550, ta Ƙonni da Dogonduci da Doso, da mutum uku masu riƙe shi, a kai shi Pabiyon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, wurin da sunanshi ma ya zama abin tsokana a bakin yara. A kwantar, a sallame shi, ya dawo gida wajen tsohuwa ɗaya, a sake lale. Ku lissafa kuɗin wannan zirga-zirgar, na dangi da na gomnati, ku gwada da kuɗin mutum ɗaya da zai leƙo awa biyu kullum ya tabbatar an haɗiye ƙwaya an ci abinci.

Batun wai tsarin Turawa ne shi ya fi ba ni haushi, don rabin gaskiya ne aka yi ma rawani. E, suna yi. A Amurka tsarin Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, yana biyan mai taimako ya zo gida, a jihohi da dama ma ɗan uwan maras lafiya ake biya. A Faransa dokar 2005 ta kawo kuɗin tallafin naƙasa, a 2023 aka faɗaɗa shi ya shafi masu lalurar ƙwaƙwalwa. A garin Geel na Beljiyam shekaru ɗaruruwa ke nan iyalai na riƙon masu taɓin hankali a gidajensu, yau hukuma na ba su wani abu. Amma wa ya ce sai Bature? A 1954, nan kusa a Aro ta Abekuta, likita Thomas Adeoye Lambo ya sauke marasa lafiyarshi a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan uwanshi mai rakiya, ana biyan masu gida kuɗin ɗaki, ma'aikata na zagayawa. Baƙar fata ne, kuma Turawan ne suka riƙa zuwa kallo. Ballantana ma, mota da babban mutumin ya shigo gidan rediyo da ita, da kwat ɗin da ke wuyanshi, da albashin da ke faɗo mishi ƙarshen wata, duk a Tawa aka ƙirƙiro su? Sai an zo kan haƙƙin talaka ake tuna al'ada.

Akwai kuma ɗayan ɓangaren, jaruman WhatsApp. Da an tura bidiyon wani ya biyo mutane da sanda a kasuwa sai ka ji a kwashe su duka, a gina babban gida bayan gari a zuba. Sun manta abin da aka buɗe aka gani a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300 a wani gidan mari, da yawa da sarƙa a ƙafa. Italiya tun 1978 ta yi dokar rufe irin manyan gidajen nan, mu kuma yanzu ne za mu fara haƙa tushe. Masu cewa ai aikin malamai ne kuwa, ba wanda ya hana addu'a, a yi ruƙiya a sha rubutu, amma ban taɓa ganin rubutun da ya wanke wando ba.

Sai babbar magana, ba kuɗi. Kullum ba kuɗi. Tun 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, har yau muna jira, cikin ɗan abin da ake bayarwar kuma ƙwaƙwalwa ita ce 'yar bora. Amma ƙasar nan ta nuna in tana son tara kuɗi ta iya. Asusun ceton ƙasa da aka buɗe a 2023, dala bibbiyu aka fara cira in ka sayi forfe na waya, kuma kowa na gani ana sanar da miliyoyin da suka shiga. Ban ce a taɓa kuɗin soja ba, kada wani ya juya mini magana. Cewa na yi yaƙin nan kanshi yana haifar da masu wannan ciwo, sojan da ya dawo ba ya barci, matar da aka kashe mijinta gabanta a Tillia ko Tilaberi, yaron da ya gudo daga ƙauye. In ceton ƙasa ake, su ma ƙasa ne.

Kuma ba daga sama za a faro ba. Muna da tsarin tallafin gajiyayyu da ya riƙa ba gidaje jika 10 a wata, an san yadda ake rubuta suna a biya. Muna da 'yan sa-kai na lafiya a unguwanni da ƙauyuka, waɗanda ke bi gida-gida lokacin polio da maganin zazzaɓin damina, sun san kowace ƙofa. Muna da matasa da suka gama makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu, takarda a hannu, suna fada tare da mu suna shan shayi. A ɗauki wasu, a koya musu yadda ake magana da mai wannan ciwo ba tsawa ba duka, mace ta shiga wajen mace, namiji wajen namiji, majo na asibitin unguwa ya riƙa duba aikinsu, a biya su ko da mafi ƙarancin albashi ne, jika 42. Inda maras lafiya ba ya yarda da baƙo, a biya uwar, ai aikin take yi tun da daɗewa kyauta. A gwada a gunduma ɗaya tukuna a gani.

Na san za a ce kuɗin zai ɓace a hanya, ko a cika takarda da sunayen 'yan uwan manya. Tsoro ne mai tushe, mun ga yadda magani kyauta na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka fara a 2006 ya bar asibitoci suna bin gomnati bashi shekara da shekaru. To a gyara hanyar biyan, a tura ta waya kai tsaye, mai unguwa da liman su shaida. Ba a hana tuya don tsoron ƙuda. Abin mamaki ma wannan tsoron ba ya tasowa in za a yi taron ƙara wa juna sani a otal a Yamai, da kuɗin zama da jaka da riga mai tambari, sai in kuɗin zai shiga hannun tsohuwa.

Shi kuma mai cewa biyan kuɗi zai kashe tausayi, malamin makaranta ana biyanshi, ungozoma ana biyanta, shi kanshi ana biyanshi ya zo ya yi magana, ban ji an ce tausayinsu ya mutu ba. Abin da ke kashe tausayi gajiya ce. Na ga Inna ranar da ta ɗaga murya ta zagi ɗan nan, sannan ta koma bayan ɗaki tana kuka tana neman gafarar Allah.

Satin da ya wuce ta aiko jikanta ya kira ni, wai in zo in zauna da ɗanta daga azahar zuwa la'asar ta je gaisuwar rasuwar ƙawarta, kwana bakwai ke nan ba ta samu ta je ba. Na je na zauna. Bai yi mini komi ba, ya tambaye ni ko har yanzu motocin Agadas na tashi da dare, ya ƙi shan ruwan da na ba shi, ya tashi sau biyar zai fita ina maido shi da lallami. Awa biyu da 'yan mintoci, na fito kamar na yi noma. Ina gayyatar babban mutumin rediyo, in ya shigo Tawa ya neme ni in raka shi, shi ma ya karɓe ta azahar zuwa la'asar. Ya zo da sabulu.