Faɗuwar gaban Inna

Assalamu alaikum warahmatullah.

Kusan wata huɗu Inna tana cewa gabanta na faɗuwa. Tana zaune tana tsinke zogale sai ka ga ta dafe ƙirji, ta ce, "Ga shi nan ya dawo, kamar tsuntsu na fuffuka a ciki." Daga ɗakinta zuwa zaure sai ta tsaya ta huta. Mu kuwa, Allah Ya yafe mana, muka zama likitocin kanmu. Wannan ya ce iska ce, waccan ta ce tunanin rasuwar Baba ne. Aka yi tofi, aka sha rubutu, aka kawo zuma da habbatus sauda. Ban raina ko ɗaya ba. Kuskurenmu shi ne a nan muka tsaya, muka sa wa zaman namu suna tawakkali.

Ranar da jiri ya kwashe ta tana alwalar la'asar, buta ta kife, a ranar muka nufi asibiti. Aka manna mata wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'urar ECG ta fito da takarda mai zane kamar haƙoran zarto. Likita ya ɗora biro a kai ya ce, "Malam, dubi tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, babu biyun da suka zo daidai." Zuciyar babban mutum idan yana hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. Ta Inna ta haura 140, kuma a hargitse.

Sunan ciwon atrial fibrillation. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta. Na saman biyu, maimakon su matse su tura jini, sai su riƙa karkarwa. Jinin da ya kwanta yana iya daskarewa, gudan kuma in ya bi jijiya ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan. Mai wannan ciwo haɗarinsa ya ninka na waninsa kusan sau biyar. Da na ji haka ƙafafuna suka yi sanyi, na tuna watannin nan huɗu. Kuma hawan jinin da take shan maganinsa yau ta bari gobe yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wannan ciwon zuciya.

'Yan uwa, wa ya gaya mana zuwa asibiti raunin imani ne? Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da waraka. Da ƙauyawan Larabawa suka tambaye shi ko su nemi magani, cewa ya yi su nema, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka kawo daga Usama bn Sharik. Annabi Ibrahim (AS) ya ce a Suratus Shu'ara'i, aya ta 80: idan na yi rashin lafiya, Shi ne Yake warkar da ni. Mai warkarwa ɗaya ne, amma Shi ya ajiye sababi ya ce a bi. Wanda ya ƙi bi don lalaci ko ƙyashin kuɗin kati, kada ya jingina wa ƙaddara.

Kwana shida ta yi a gado. Aka ba ta maganin da ke rage gudun zuciya, da warfarin mai hana jini daskarewa. Shi wannan akwai sharaɗi: gwajin jini da ake kira INR a kai a kai, kada a haɗa shi da wani jiƙo ko ganye sai an tambayi likita, har alayyahu da zogalen da take so an ce ta ci daidai yadda ta saba, kada yau tuli gobe babu. Goro ne aka sha daga da ita kafin ta rage.

Dare na uku ina zaune gefenta, na kasa barci, sai na ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna. Bugu bayan bugu, babu kuskure. Kusan sau 100,000 kowace rana, ina barci, ina gulma, ina saɓon Allah, ba ta taɓa neman izinina ba. Shekara nawa ina roƙon mota da fili, ban taɓa yin sujjada ɗaya ta godiya a kan wannan tsokar ba. Na ji kunyar Ubangijina ƙwarai.

Idan tsohuwarku ko tsohonku ya ce gabansa na faɗuwa, yana haki ko jiri, ku yi masa tofi, sannan ku ɗauki mukullin babur. Wanda kuma aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi.

Yanzu Alhamdulillah Inna ta koma girkinta. Bayan sallar asuba takan kama wuyan hannunta tana ƙirga bugun da ido a kan agogon bango, carbi na rataye a ɗaya hannun. Jiya na shiga gaishe ta, ta ɗaga min yatsa alamar in dakata, sai da ta gama ta ce, "78 ne yau. Ina kwana?"