Surukina ne na 101

Duk wanda ya taɓa riƙe yara a ƙungiyar sikawut ya san kukan da shugabanni suke yi: yara ba sa jin magana. Ni nawa kukan daban ne. Yarana na unguwar Aboabo suna jin magana, jin da ya wuce misali, kuma shi ne ya kusa hana ni zaman Kumasi a shekarar korona.

Ranar 15 ga Maris 2020 da dare Shugaban Ghana Akufo-Addo ya fito a talabijin ya ce an rufe makarantu, an hana taro, har da jam'i a masallaci da coci. Mu da muke haɗuwa kowace Asabar a filin makaranta muna fareti muna hura usur, shi ke nan kasuwarmu ta watse. Ranar Litinin 30 ga wata kuma aka kulle Kumasi da Akra, aka zuba sojoji da 'yan sanda a manyan mararraba. Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi da ba ka samun wurin ajiye ƙafa, ya zama fayau.

Mai hankali sai ya ja tabarma ya huta. Ni kuwa sai na gani a intanet cewa 'yan sikawut na Ingila suna yin sansani a gida: yaro ya kafa tanti a lambun bayan gidansu, ya kwana ciki, ya tura wa shugabansa hoto. Na ce da me suka fi mu? To, da lambu suka fi mu. Yaran Aboabo gidan haya suke, ɗakuna jere, tsakar gida ɗaya ta siminti, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya da kowa yake faɗa a kanta.

Yaran ba su da waya, don haka lambobin iyayensu mata na tara a WhatsApp. Na gyara murya irin ta fareti na tura saƙo: "Kowane ɗan sikawut ya kafa tanti a gidansu da abin da ya samu kusa da shi. Kada wanda ya ce mini ba shi da kaya. Ɗan sikawut ba ya rasa dabara."

Bayan la'asar hoton farko ya shigo. Tanti ne mai kyan gaske, fari ƙal, yana ƙyalli, an ja gefe ɗaya an ɗaure a turmi, ɗayan a bakin famfo, yaron yana zaune a ƙofa yana sara mini da yatsu uku. Har na rubuta masa "Madalla!" kafin na ƙara girman hoton na ga ashe leshi ne.

Saƙon muryar uwarsa ya biyo baya, dogo. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ta fara da gaisuwa cikakkiya. "Masta, ina wuni. Ya iyali? Ya wannan zaman da aka sa mu? To madalla, Allah ya kawo mana ƙarshensa." Ta ja numfashi. "Masta, leshin nan ko sau ɗaya ban ɗaura ba. A ƙasan akwati yake, na ajiye shi don bikin ƙanwata. Yaronka ya huda shi da ƙusa wuri huɗu." Ka ji fa, yaronka. Wata tara ta ɗauki cikinsa, amma ranar ya zama nawa.

Daga nan wayata ba ta sake hutawa ba. Wani ya kwance gidan sauron kakarsa, tsohuwa ta kwana tana tafi. Wani ya yanka igiyar shanyar gidan gunduwa-gunduwa don ya gwada ƙulle-ƙullen da na koya musu. Wani ya kwashe taɓare ya yi dirka da su, matar maigidan hayarsu ta rasa abin kirɓa fufu, ta karɓi wayar uwarsa ta wanke ni tas da Tonanci, yaren Asante, har da kalmomin da duk zamana a Kumasi ban taɓa jin su ba.

Babba a cikinsu shi ne na rago. Yaro ya duba gidansu kaf bai ga igiya mai ƙwari ba sai wadda ke wuyan ragon da babansa yake turkawa don layya. Ya kwance, ya lallashi ragon ya ce ya tsaya nan yana zuwa. Rago ya ga ƙofa a buɗe ya kama titi. Uban ya biyo shi da gudu, ya hango sojoji a mararraba, ya ja birki a bakin kwata, ya tsaya yana kiran rago da sunaye masu daɗi. Ranar duk Kumasi ragon nan ne kaɗai dokar kulle ba ta hau kansa ba. Ya zaga unguwa son ransa, ya ci ganyen kontomire na wata mai talla, sai dab da magariba ya dawo da ƙafarsa.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na biya kuɗin igiya, na biya na ganye, leshi kuwa kaɗan-kaɗan na riƙa turawa ta momo, wato asusun kuɗi na waya. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara, mai ɗakina sai ta ce, "Baban yara, nawa ne yau?" Abin haushin, ƙanwarta da ke riƙe 'yan mata 'yan gayid, wato sikawut na mata, cewa ta yi kawai su tattaro ƙyallayen atamfa daga wurin teloli su ɗinka takunkumi. Suka ɗinka, suka raba wa tsofaffi, suka sayar da sauran, har asusu suka buɗe. Ba wanda ya kira ta sai don sa albarka.

An ɗage kullen ranar 20 ga Afrilu bayan mako uku, amma hana taro yana nan. Muka yi azumi ba tarawihi a masallaci, muka yi sallar idi a tsakar gida. Sai a ƙarshen Mayu aka ce daga Juma'a 5 ga Yuni a buɗe masallatai, da sharuɗɗa: kada a wuce mutum 100, kada a wuce awa ɗaya, kowa da takunkumi, a bar tazarar mita ɗaya, a rubuta suna da lambar wayar duk wanda ya shiga. Kwamitin masallacinmu ya rasa masu tsaron ƙofa. Na ga ga damar wanke sunana, na ce a bar wa 'yan sikawut.

Na zaɓo manyan cikinsu, suka zo cikin kaki da hankicin wuya, an goge tsaf. Muka kafa bokitin Veronica a bakin ƙofa, bokitin roba mai murfi da famfo a gindi, da roba a ƙasa tana tare ruwan. Wata ƙwararriyar ɗakin gwaje-gwaje 'yar ƙasar nan, Veronica Bekoe, ita ta ƙirƙiro shi tun kafin a san da korona, kuma na tabbatar yaran sun haddace wannan don su burge dattawa. Ɗaya ya riƙe sabulu, ɗaya bindigar auna zafin jiki, ɗaya littafin suna. Ƙirga kuwa na ba shugaban rukuninsu, wani siririn yaro da ba ya dariya.

Na ce masa, "In ka ƙirga 100, ka ja ƙofa."

Ya ce, "Ko wane ne, Masta?"

Na ce, "Ko wane ne. Ko ni ne. Ko Sarkin Zango ne."

Na wanke hannu, aka auna ni, na shige da wuri na sami wuri a gaba. Liman ya hau mumbari, huɗuba ta yi nisa, ina jin daɗi a raina yadda komai ya tafi daidai. Sai na ji gyaran murya daga waje. Gyaran muryar da ko a mafarki na ji ta sai na gyara zama. Surukina ne, Alhaji. Mutumin da ya sayi rabin kwanon rufin masallacin nan, wanda tun ban san 'yarsa ba wurinsa yake bayan liman, shi ya sa ba ya gaggawar zuwa.

Taga a buɗe take, don an ce iska ta riƙa shiga, saboda haka kowa ya ji.

"Baba Alhaji, ka yi haƙuri, an cika."

"Me ya cika?"

"Mutum 100, Baba. Kai ne na 101."

"Kai ɗan gidan wane ne? Ka san ni kuwa?"

"Na san ka, Baba. Masta ne ya ce ko wane ne."

"Wane Mastan?"

Yaron bai ɓata lokaci ba. Ya zuro hannu ta taga ya nuna ni.

Ana huɗuba ba a magana, amma ba a hana juyowa ba. Masallaci kaf ya juyo. Takunkumi ya rufe bakin mutane, sai dai kafaɗu da nake gani suna rawa. Gumi ya karyo mini. Na tashi sum-sum na nufi ƙofa don in ba Alhaji wurina, na yi wa yaron nuni da hannu ya buɗe. Ya matso ya raɗa mini, "Masta, sunanka ne a littafi, ba nasa ba. In aka zo bin sawun masu cuta lissafi zai rikice." Ni na koya masa wannan ma. Muna cikin haka aka tada iƙama. Alhaji ya shimfiɗa dardumarsa a waje cikin rana, kusa da robar ruwan sabulu, ya bi jam'i daga can.

Da magariba na ja yaron muka tafi ban haƙuri. Na cire takalmi tun daga zaure, na durƙusa, na gaida Alhaji sau uku, yana amsawa da carbi. Na ce wa yaron ya matsa ya ba Baba haƙuri. Ya matsa, ya ƙame, ya miƙa masa hannun hagu.

Alhaji ya dubi hannun, ya dube ni. "Gwamnati ta hana musabaha da hannun dama, shi ne ka kawo mini na hagu?"

Dole na yi bayani. Na ce Baba, haka 'yan sikawut suke gaisawa a duk duniya, kuma ana cewa a nan Kumasi abin ya samo asali. Baden-Powell, Baturen da ya kafa sikawut a 1907, yana cikin rundunar Ingila da ta shigo garin nan a Janairun 1896. Labarin da ake ba mu shi ne, wani cikin sarakunan Asante, wasu suna cewa babban sarkinsu Prempeh ne da kansa, ya miƙa masa hannun hagu ya ce jarumai haka suke gaisawa, don a hagu garkuwa take, sai ka yarda da mutum za ka ajiye ta.

Alhaji ya ja carbi. "To shi Prempeh da ya ajiye garkuwar, ina ya ƙare?"

"Sun kama shi, Baba. Sun kai shi tsibirin Seychelles. Sai 1924 ya dawo."

"To ka gani."

Ya sa hannu a aljihu ya ba yaron sidi goma, ya ce irin wannan ake ba ajiyar shago. Ni kuwa cewa ya yi in gaida gida. Bai sake tada maganar ba, ni ma na ɗauka ta wuce.

Makarantu suka buɗe a Janairun 2021, muka koma fili. Kakin kowa ya ɗage, wandon wasu ya koma na ƙwallo, rabin hankicin wuya an yanka an yi takunkumi. Nawa kakin ma maɓallin ciki ya ƙi haɗuwa, amma wannan laifin mai waakye, shinkafa da wake, ta layinmu ne. Muka lallaɓa da fareti da tazara har ƙarshen Maris 2022, lokacin da aka ce sa takunkumi ba dole ba ne. Yara suka matsa sai an je sansani na gaske, mai ƙasa da za a kafa turke. Muka tsayar da Tafkin Bosomtwe, kilomita kusan 30 daga gari. Matsalar mota ce, don shekarar kuɗin mai hawa yake ba sauka.

Sai ga saƙo daga Alhaji ta bakin mai ɗakina: ya ba mu trotro ɗinsa, wato bas ɗin haya, da direba, da mai, kyauta. Na ce Allahu akbar, dattijo dattijo ne.

Da asuba ya zo da kansa wurin tashi, aka kawo masa kujera ya zauna. Ni ina saman mota ina ɗaure tantuna da ƙulli na gani na faɗa. Daga can na ji ya kira siririn yaron nan, wanda yanzu ya fi ni tsawo.

"Ɗana, motata ba ta ɗaukar fiye da kujerunta. In kujeru sun cika, ka ja ƙofa."

"Ko wane ne, Baba?"

"Ko wane ne."

Kafin in sauko, yara sun shige, mataimakina ya shige, ƙanwar matata da 'yan matanta sun shige, ƙofa ta rufe garam. Yaron ya leƙo ta taga ya sara mini da yatsu uku. "Masta, ka yi haƙuri, an cika."

Alhaji ya ce, "Kada ka damu, Malam, na yi maka tanadi." Ya nuna aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da aka loda wa tukwane, da buhun gawayi, da buhun gari, da jarkokin ruwa. Na hau na zauna a kan gawayin. Kafin Kuntanase hadari ya haɗo, a gangaren Abono ruwa ya sauko, tukwane suna kaɗawa, ni ina rungume da jarka ina karanto duk addu'ar da na sani. Na isa bakin tafki baƙi ƙirin daga ƙugu zuwa ƙasa, na tarar yara sun gama kafa tantuna, ba leshi ko ɗaya, har sun hura wuta da itace.

Na sauko ina ɗingishi zan wuce, mai aboboya ya riƙo hannun rigata. "Masta, Alhaji ya ce kuɗin kaya kawai ya biya. Na fasinja kai za ka bayar."