Faifan sola ba gabas ya kamata ya kalla ba

Mutane da yawa idan za su ɗora faifan sola a kan rufi sai su juya shi gabas, wai ai daga can rana take fitowa. Wannan kuskure ne, kuma yana jawo asarar wuta. Hasken safiya a kaikaice yake zuwa, ba shi da ƙarfi sosai. Kaso mafi tsoka na wutar da faifai ke samarwa yana zuwa ne tsakanin ƙarfe 9 na safe da 3 na yamma, lokacin da rana take sama. Faifan da ya kalli gabas, da zarar rana ta take tsaka ta fara karkata, hasken da ke sauka a kansa sai ya riƙa raguwa.

Wanda yake arewa da layin ikweta, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, to kudu zai juya faifansa. Wanda yake kudu da layin kuma, arewa. Karkatarsa ta yi kusan daidai da digirin nisan wurin daga ikweta. Ko kusa da layin ne, kada a kwantar da shi shimfiɗe, a ba shi aƙalla digiri 10 don ruwan sama ya riƙa wanke ƙura.

Abin da ya fi damuna shi ne inuwa, don ita ake rainawa. Hau rufin da safe, da rana, da la'asar, ka ga inda inuwar tankin ruwa ko reshen bishiya ke sauka. Ƙwayoyin cikin faifan a jere aka haɗa su, inuwar da ta rufe lungu ɗaya tana iya karya wutar faifan, har da na sauran da ke layi ɗaya da shi.