Tumakin da ba su ƙirga alherinsu ba

Duk lokacin da gardama ta tashi tsakanin masu bi kan abin da zai kuɓutar da mutum a ranar shari'a, wani yakan ɗauko Afisawa 2:8-9, inda Manzo Bulus ya ce ta wurin alherin Allah aka cece mu, ba da ayyukanmu ba, wani kuma ya mayar masa da wasiƙar Yakubu, wadda ta kira bangaskiya marar ayyuka matacciya. Gardamar ta tsufa. A kanta Bishop Agustin ya yi ta ja da Pelagiyus, malamin da ya fi ba ƙoƙarin mutum muhimmanci, har majalisar bishop-bishop ta Kartej, a Arewacin Afirka, ta ƙi koyarwar Pelagiyus a shekarar 418, ita ce kuma ta raba Martin Luta da Cocin Katolika na Roma bayan 1517, sai a 1999 Katolika da Lutaran suka sa hannu a Augsburg cewa ceto kyauta ne, ayyuka nagari kuma 'ya'yansa ne.

Na yarda da haka ɗari bisa ɗari, amma abin da ke damuna shi ne yadda wasunmu suka mai da alheri bargon rufe zunubi, alhali Bulus da kansa, a Romawa 6, ya tambaya ko za mu ci gaba da zunubi domin alheri ya yawaita, ya kuma amsa da cewa faufau. Mai karanta Afisawa da ya tsaya a aya ta 9 bai gama ba, domin aya ta 10 ta ce an halicce mu ne domin ayyuka nagari.

Wurin da na fi daɗewa ina tunani a kansa shi ne Matiyu 25, inda Yesu ya ce a ranar shari'a zai ware mutane kamar yadda makiyayi yake ware tumaki daga awaki. Ba a tuhumi awakin da kisa ko sata ba. Laifinsu shi ne sun ga mayunwaci ba su ciyar ba, sun ga baƙo ba su sauke shi ba, mara lafiya da ɗan kurkuku kuwa ba su ko leƙa su ba. Wannan yana tsorata ni, domin irin zunubin nan ba ya hana mutum barci, ba kuma kasafai yake tuna shi a addu'ar tuba ba.

Tumakin ma mamaki suka yi. Da aka yaba musu, sai suka tambaya yaushe suka ga Ubangiji da yunwa har suka ciyar da shi, ke nan ba su riƙe lissafin komai ba, saɓanin Bafarisiyen Luka 18 da ya jera wa Allah azuminsa sau biyu a mako da zakkarsa, ya koma gida ba a karɓe shi ba. Shi ya sa idan aka tambaye ni ko ayyuka suna ceto nakan ce a'a, amma ba zan iya ce wa kowa Alƙalin ba zai tambayi labarin mayunwacin nan ba, tun da shi da bakinsa ya ce zai tambaya.