Fyaɗe a Sakkwato: shari'ar tana mutuwa tun kafin ta kai gaban alƙali

Duk ranar da labarin lalata ƙaramar yarinya ya bazu a Sakkwato, kafin la'asar kira ɗaya za ka ji a rediyo, a majalisun bakin titi da shafukan Facebook: a kashe shi, ko a dandaƙe shi kamar yadda Kaduna ta tanada. Fushin yana kan hanya. Wanda ya taɓa ganin uwa zaune a barandar asibiti, ta ƙanƙame zanen 'yarta mai shekara shida, ba zai ga laifin mai wannan kira ba. Amma abin da ake nema wurin ɗan majalisa shi ne dokar da za ta kai mai laifi kurkuku, kuma a nan ne nake ganin muna neman magani inda ba ciwon yake ba. Hukunci mai tsanani muna da shi a rubuce. Shari'ar ce ba ta isa wurinsa.

Jihar nan tana da kundin hukunta laifuka, wato Penal Code, wanda ya samo asali daga na Arewa na 1960, tana da kundin laifuka na shari'ar Musulunci da aka kawo zamanin Attahiru Bafarawa, sannan a 2021 Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a dokar kare yara da dokar hana cin zarafin mutane, wato VAPP. Uwar wannan doka, ta tarayya ta 2015, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai fyaɗe, ta hana a yi ƙasa da shekara 12 ba zaɓin tara, shekara 20 idan taron dangi aka yi, ga diyya, ga rajistar masu laifin.

Kaduna ta wuce nan. A Satumban 2020, watanni kaɗan bayan gwamnoni sun ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, Nasir El-Rufai ya sa hannu a gyaran da ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe, dandaƙa da ɗaurin rai da rai idan shekarun sun haura haka. Kafin mu kwafa, mu duba yadda hukuncin kisa yake tafiya a Najeriya. Bayan babbar kotu akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara, akwai Kotun Ƙoli, kuma ko an ƙare duka sai gwamna ya sa hannu a takardar zartarwa. Gwamnoni ba sa sa wa. Fiye da mutum 3,000 ke zaman jiran kisa a gidajen gyaran hali, kuma ratayar ƙarshe da aka sani ita ce ta mutum uku a Benin a Disamban 2016. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ma ta ba babban jojin jiha damar mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai idan mutum ya ƙare ɗaukaka ƙara ya shekara goma ba a zartar ba. Wato a aikace kisan da za a rubuta ɗauri ne, sai dai ɗaurin da ya zo da shekarun ɗaukaka ƙara, iyalin yarinya na ta jira.

Akwai illar da ta fi wannan. Mai lalata yaro galibi ba baƙo ba ne: kawu ne, maƙwabci, mai shagon unguwa, almajirin gida, wani lokaci malamin da ake sunkuya wa. Uwar da ta san ƙararta za ta kai ƙanen mijinta ga igiya, dangi duka za su taso mata, kuma sau da yawa za ta haɗiye maganar. Shi kuwa mai laifin, idan ya san hukuncin fyaɗe da na kisan kai ɗaya ne, an rage masa dalilin barin shaida guda tilo da rai. Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci waɗannan haɗurra biyu a 2008 lokacin da ta hana jihar Luwiziyana kashe mai fyaɗen yaro matuƙar yaron bai mutu ba.

Dandaƙa kuwa, a garin Shehu ba sai an yi dogon bayani ba. Manzon Allah (SAW) ya hana sahabbai ita lokacin da suka nemi izini, kuma ba ta cikin haddi. Ko Pakistan, da ta so yin ta da allura, ta cire sashen a 2021 bayan majalisar malamanta ta ce ya saɓa wa shari'a. Fiƙihun Malikiyya yana da ƙofar da ta fi dacewa. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi ya ɗauki ƙwace mace da ƙarfi a matsayin hiraba, wato fashi da makami, ya ce fashin mutunci ya fi fashin dukiya muni. Imamu Malik ya ɗora wa mai fyaɗe biyan sadaki, ya kuma karɓi alama a matsayin hujjar mace: ta zo tana zubar da jini, ko an ji ihunta. Amfanin wannan babba ne, domin idan aka jefa fyaɗe ƙarƙashin babin zina sai a koma neman shaidu huɗu ko iƙrari, namiji ya musanta ya tafi gida. Sakkwato ta ga yadda ma'aunin nan ke karkata a shari'ar Safiya Hussaini: kotun Gwadabawa ta yanke mata jifa a 2001, mutumin da ta ambata aka sallame shi, sai a Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta soke hukuncin.

Alamar da Malik ya dogara da ita, yau likita ne ke tabbatar da ita, kuma tana da wa'adi. Awa 72 na farko su ne komai. A cikinsu ne maganin kariya daga ƙanjamau ke aiki, a sha shi kwana 28 ba fashi. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana iya kaiwa kwana biyar, amma ƙarfinsa na raguwa kullum. A cikinsu ne kuma likita zai ga rauni sabo, ya ɗebi samfuri. Abin da uwa ke fara yi, cikin tausayi da kunya, shi ne ta ɗora ruwan zafi ta gasa yarinyar, ta wanke wandon ta shanya. Da wannan rabin shari'ar ta tafi. Abin da ya kamata: kada a yi wanka, kada a wanke tufa, a naɗe ta cikin takarda ko ambulan, domin leda tana riƙe danshi ta lalata abin da za a gwada, a wuce asibiti kai tsaye. Cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru na Sakkwato don wannan aka buɗe ta. To amma yarinyar da ke Isa, Sabon Birni ko Kebbe fa, ga nisa, ga halin hanya? Ƙananan hukumomi 23 ne. Idan ta je ƙaramin asibiti bayan mako guda aka rubuta mata layi biyu a kati, ba sa hannu, ba hatimi, lauyan wanda ake tuhuma ba zai sha wahala ba.

Daga nan sai ofishin 'yan sanda, inda ake tambayar talaka kuɗin mai da na takarda. A gurfanar da wanda ake zargi a kotun majistare, a tsare shi, a tura fayil ma'aikatar shari'a neman shawara. Fayil ya kwana watanni. Kafin a kai babbar kotu an yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki, likitan da ya duba yarinyar ɗan hidimar ƙasa ne ya gama ya tafi. Ga kuma sashe na 209 na Dokar Shaida ta 2011: yaro ƙasa da shekara 14 ba a rantsar da shi, kuma ba a ɗaure mutum da maganarsa kaɗai sai wata hujja ta ƙarfafa ta. Wannan hujjar ita ce rahoton likitan da ba a rubuta da kyau ba, da wandon da aka wanke. Alƙali ba shi da zaɓi sai ya sallama, kuma ko kisa aka rubuta a doka sallamar dai zai yi, har ma ya ƙara taka-tsantsan tunda rai ne a hannunsa.

A tsakanin nan ne sulhu ke shigowa. Dattawa su zo zaure bayan isha'i: “Malam, ka rufa mana asiri, Allah Ya rufa naka. Yarinya ce, gobe aure za ta yi.” A ajiye kuɗin magani, uba ya rubuta takardar janye ƙara, ko kawai a daina kawo yarinyar kotu. Sulhu alheri ne a rikicin gona da na aure. A nan kuwa an mayar da mai laifi unguwar da sauran yara ke zuwa tallar gyaɗa.

Da Majalisar Dokokin Jiha da gwamnatin Ahmed Aliyu za su taɓa dokar nan, a waɗannan gaɓoɓin ya kamata su sa hannu. A yanka wa ma'aikatar shari'a wa'adin kwanaki na fitar da shawara, a yanka wa kotu wa'adin watanni, a ware alƙalan da wannan ne aikinsu. A mayar da shi laifi ga duk wanda ya matsa a janye ƙarar fyaɗen yaro, mai unguwa ne ko jami'i. A rubuta ƙarara cewa gwaji, magani da takardar likita kyauta ne, a sa musu layi a kasafin kuɗi, domin kyautar da ba ta da kasafi a bakin kantin magani take ƙarewa. Kowane babban asibiti ya samu ma'aikaciyar jinya da aka horar, da fom iri ɗaya na cike rahoto. Yarinya ta ba da shaida a ofishin alƙali ko bayan labule, ba tana kallon idon wanda ya cuce ta ba. Diyya kuma a fitar da ita daga dukiyar mai laifi da umarnin kotu.

Sai rajista. Hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, ta buɗe rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa a Nuwamban 2019, amma rajista ba ta cika kanta. Sai magatakardan kotu ya tura suna. Doka ta wajabta masa hakan cikin kwanaki ƙididdigaggu, ta taƙaita bayyana suna ga wanda kotu ta kama da laifi, don kada ƙazafi ya zama makami, ta kuma hana bayyana abin da zai nuna ko wace ce yarinyar. Sannan ta tilasta wa kowace firamare, Islamiyya, tsangaya da gidan marayu su duba rajistar kafin su ɗauki malami, direba ko mai gadi, wanda ya ƙi dubawa ya ɗauki mai laifi a rufe masa makaranta.