In kun je gaisuwar jaririya, ku bar uwar ta yi kukanta

'Yan uwana mata, musamman mu da muke cikin shekarun haihuwa, akwai maganganun da muke yi a gidan rasuwar yaro da ya kamata mu ajiye su. An kai jaririya makwancinta da hantsi, kafin la'asar mun cika wa uwar ɗaki. Wannan ta ce "ai da sauranki, za ki haifi wata", waccan ta ce "gara da ta tafi tun ba ku shaƙu ba". Wace shaƙuwa ce ta rage? Wata tara tana cikinta, ta sha naƙuda, ta sha ruwan zafin jego, ta yi wata bakwai ko takwas ba ta san barcin kirki ba.

Ki dubi matar da kike faɗa wa haka. Nono ya cika ya yi tauri, gaban rigarta ya jiƙe, tana ta jan mayafi tana rufewa don kada baƙi su gani. Jikinta bai san an yi rasuwa ba. Cikin dare, daidai lokacin da ta saba shayarwa, za ta farka ta laluba gefen katifa. Katin rigakafi yana cikin jakarta, an rubuta ranar komawa asibiti. In kuma 'yar fari ce, sai mu ƙara mata da kunya: wata gwaggo ta harare ta, wai a kan 'yar fari take wannan zubar da hawaye gaban surukai. Kara abu ne mai kyau, ban musa ba, amma ba a rana irin wannan ba.

Da yawanmu muna ɗauka duk wanda ya yi kuka ya rasa haƙuri. To, wa ya kai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, haƙuri? 'Ya'yansa bakwai, shida sun riga shi rasuwa, Nana Fatima kaɗai ta rage a bayansa. A shekara ta 10 bayan hijira, a Madina, ya ɗauki ɗansa Ibrahim yana kan gargara, yaron ko shekara biyu bai cika ba, sai idanunsa suka zubar da hawaye. Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki, ya ce har da kai, ya Manzon Allah? Ya ce masa wannan rahama ce. Sannan ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Buhari ya ruwaito. Haka ma da 'yarsa ta aika masa cewa ɗanta yana bakin mutuwa, ya aika mata cewa abin da Allah Ya karɓa nasa ne, abin da Ya bayar nasa ne, komai a wurinsa da ajalinsa, ta yi haƙuri ta nemi lada. Da ya je aka miƙa masa yaron, ya yi hawaye gaban Sa'ad bin Ubada. Abin da aka hana a bayyane yake: marin fuska, yaga tufafi, kururuwa irin ta jahiliyya. Hawaye ba ya cikin lissafin.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce binciken laifi. Ana zaune ana jan carbi, a gefe kuma ana raɗa: ai sakaci ta yi, ai tun shekaranjiya aka ce ta kai ta asibiti. Wata ta ɗauko zancen maita ta rataya wa tsohuwar da ke maƙwabtaka, ko kishiya. In rasuwa ta biyu ce, shi ke nan an sa mata suna mai wabi, har a fara shawarar in ta sake haihuwa a kira yaron Ajuji ko Ayashe. Kuna tsammanin ba ta ji? Tana ji, kuma tun kafin ku zo ta riga ta tuhumi kanta fiye da yadda za ku tuhume ta. Ba gidanta kaɗai abin ya shiga ba: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a cikin yara 1,000 da ake haifa a Najeriya, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma abin ya fi tsanani a nan Arewa. Zazzaɓin cizon sauro ne, gudawa ce, ciwon huhu ne, ƙyanda ce. In kina da nasiha a kan wannan, ki kai wa mai goyo a baya tun yaronta yana numfashi. Ki ce mata kada ta zauna tana cewa haƙori ne alhali yaro yana zawo, ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari, ta kai shi a duba, ta karɓi maganin zazzaɓin da ake rabawa gida-gida da damina. Wadda ta riga ta rasa, addu'arki take buƙata.

Ku ma maza, kuna ji. Kai ka rungumi gawar a hannu zuwa maƙabarta, na san abin yana cin ka. Amma kana kan tabarma a ƙofar gida abokai sun kewaye ka, bayan kwana uku ka koma kasuwa, ita kuwa tana ɗakin da kayan yarinyar suke. Ka shiga ka zauna da ita. Kada ka ce mata "ya isa haka". Kuma don Allah, samari da 'yan mata, ku daina sa hoton gawar jariri a WhatsApp.

In ana neman abin faɗa wa uwa, ba a rasa ba. A ce Allah Ya sa mai ceto ce. A tuna mata hadisin Tirmizi: idan ɗan bawa ya rasu, Allah yakan tambayi mala'iku me bawana ya ce, su ce ya gode maka ya yi Inna lillahi, sai Ya ce ku gina masa gida a Aljanna ku kira shi Baitul Hamdi. A faɗa mata a hankali, sau ɗaya, ba a mayar da shi bulalar hana kuka ba.

Kwana uku kowa ya watse, kuma daga nan ne ɗakin yake yi mata faɗi. Ki koma bayan sati biyu, ki koma bayan wata. Kada ku tattara kayan yarinyar ku rabar a bayan idonta wai don ta manta. Ku bari ita ta ce lokaci ya yi. In ta ɗauko labarin 'yarta, kada ki yi saurin canza zance. Ki ambaci sunan yarinyar kamar yadda take ambata, ki saurara, ko da kin sha jin labarin. In kuwa kin ga watanni sun ja ba ta ci, ba ta barci, ta daina kula da sauran yaran, ki yi wa mijinta magana a kai ta ga likita.